Ranar da Na Nuna Mama a Gaban Jama'a

Ko na tsufa har na manta sunayen ɗalibaina, ba zan manta da wata Asabar a unguwar Jiddari Polo ba.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare. Wata ƙungiya ta gayyaci malamai kallon fim na gaskiya a kan rayuwar mutanen Afganistan cikin yaƙi, aka ce kowa ya zo da baƙo. Sai na ɗauki maƙwabciyata, wata dattijuwa da nake kira Mama. Daga Gwoza ta gudo. An kashe mijinta, 'ya'yanta maza biyu kuma har yau babu labarinsu. Ɗinkin hula take yi tana ciyar da jikoki uku. Da ƙyar ta yarda ta biyo ni, da hularta da allurarta a jaka.

A fim ɗin an nuna wata mata tana gasa gurasa a gidan da bam ya cinye rabinsa, yara suna wucewa makaranta ta cikin ɓaraguzai. Matar ta ce an kashe mijinta, amma ba ta taɓa fashin hura wuta ba. Aka tafa. Mama ba ta tafa ba.

Da aka gama, mai jagorantar taron ta tambayi abin da muka koya. Ni da son a ji bakina, na karɓi makirufo.

"Ai ba sai mun je Afganistan ba," na ce. "Ga jarumarmu nan zaune." Na nuna Mama, na zayyana labarinta kaf, har abin da ta faɗa mini a ɗaki tana kuka. Mutane suka miƙe suna tafi, wasu suna ɗaukarta a waya.

Da muka fito titi muna jiran keke mai ƙafa uku, sai Mama ta juyo gare ni.

"Malama, wa ya ce miki na jure?"

"Mama, yabonki na yi."

"Yunwar jikokina ce ke tashina da safe, ba jarumta ba. Waccan matar ma na ga idonta. Gajiya ce. Ku kuna tafi, ita tana neman mai karɓar mata wutar ko da yini ɗaya."

Keke ya tsaya, ta hau ita kaɗai.

Bayan nan muna gaisawa, amma ba ta sake shiga ɗakina ba. Na yi ta cewa gobe zan ba ta haƙuri, girman kai yana hana ni. Da damina ta faɗi, wani ɗan'uwanta ya kwashe su zuwa Biu. Ko sallama ba mu yi ba.

Abin da na koya, da ɗaci na koye shi: yabon mai wahala ya fi taimakonsa arha, shi ya sa muke saurin yin sa. Kuma labarin da mutum ya ba ka yana kuka amana ce, ba abin ado da baki ba.