Muryar Baban Ladi Tana Hannun Kamfani

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar maigidana, Baban Ladi, tela a Ƙofar Dumi. Allah ya jiƙansa. Waɗanda suka san shi ba ɗinkinsa suke tunawa ba, don gaskiya ɗinkin dai ga shi nan ne. Bakinsa suke tunawa. Mutum ne da in ya ji waƙa sau ɗaya, sai ya zare baitocinta ya zuba nasa a kan karin, ka yi dariya har cikinka ya ƙulle.

Akwai wani tsoho, Baba Mai Kukuma, da ya yi wa wani attajirin gyaɗa waƙar yabo. Sai maigidana ya kwashe kirarin nan kaf ya ɗora wa keken ɗinkinsa mai tsinke zare. Amma bai rera ta a waje ba sai da ya yi yadda ake yi. Ya ɗauki goro ya je ya durƙusa, ya rera wa mai ita. Tsoho ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ja'iri! Je ka, na ba ka."

Ana gab da samun 'yancin kai, mutanen wani kamfanin faifai suka zo daga Ikko da na'urarsu, suka sauka a GRA. Suka ɗauki muryar maigidana yana waƙar keken nan, ya dangwala yatsa a takardarsu, ya dawo yana ce mini, "Ke Maman Ladi, share inda za mu ajiye garmaho."

Ashe shi ma Baba ya riga ya dangwala musu shekara guda kafin nan. A dokarsu, karin ya tashi daga nasa ya koma na kamfani. Ba a sauya wa waƙarsu baiti a sayar sai manyansu na ƙasar waje sun yarda, an tsara yadda za a raba kason ciniki. Izinin baki kuwa, ko a gaban shaidu, ba ya cikin lissafinsu. Sai suka ajiye faifan ba su fitar ba. Maigidana kuma yatsan da ya dangwala ya hana shi kai waƙar wani kamfani. Baba da kansa ya tako har zaurenmu da sandarsa, ya ce, "Yaro, ka yafe ni. Kyauta na yi maka da abin da ya riga ya bar hannuna."

Tun daga nan ko a gidan biki aka roƙe shi, sai ya ce maƙogwaro. Tsoron kotu yake yi. A ɗaki kawai nake jinta, ƙasa-ƙasa, ƙafarsa na kan keke. Duk sanda aka sauke sabbin fayafayai a kanti sai ya leƙa, ya dawo ya ce tukuna. Da tukuna ɗin nan aka ɗaga tutar 'yanci, da shi ya rasu.

Yanzu in an kai ni Kasuwar Muda Lawal, ina jin samari na kwafar kaset ɗin kowa, suna juya waƙar kowa, ba mai sallama da mai ita. Da maigidana yana raye, ban san ko dariya zai yi ba, ko kuka. Ina jin dai zai tambaya wa ya ba su, don har ya koma ga Allah bai yarda a ɗauki abin mutum ba a gaishe shi ba.

Baitocin suna nan a kaina, ko ɗaya bai zube ba. Muryar ce ba ni da ita. Tana can a wani sito da ban san garinsa ba, muryar saurayi ɗanye, wanda Ladi ma yanzu ta girme shi. Shi mun kai shi makwancinsa. Ita har yau ba a sallame ta ba.