Ku Goge Hoton Gawar Yaya Sada

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya iske ni: an kashe Yaya Sada a hanyar Barkiya.

'Yan bindiga suka tare motarsu. Suka jawo tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya, suka fasa masa kai da gindin bindiga saboda ya kasa gudu tare da su zuwa daji. Sannan suka harbe shi.

Ba ɗan aike ya gaya mini ba. A waya na gan shi, kwance cikin jini, babu ko mayafi. Ɗana na cikina, magidanci da furfura, shi ya turo mini. Ya zo gaisuwa na fizge wayarsa na maka ta da ƙasa, kuma ban yi nadama ba.

Kun san wanda kuke yawo da gawarsa?

Maƙwabcinmu ne a Kurfi. Ina 'yar firamare, bayan samun 'yancin kai kaɗan, abinci ya daina wuce wa Innarmu. Shi yana ɗalibi, ya raka ta asibiti a bayan a-kori-kura. Aka kawo wani farin ruwa mai kauri, wai sai ta sha shi sannan hoto zai nuna maƙogwaronta. Ta ce ba ta shan farar ƙasa, kuma a garinmu mai ba da magani shi ke fara ɗanɗanawa.

Yaya Sada ya karɓi kofin ya kurɓa. "Inna, ba daɗi, amma ga ni tsaye."

Ta shanye. Aka ga ciwon, aka yi aiki, ta ƙara shekara ashirin.

Daga nan ya karanta kimiyyar haɗa sinadarai. Rayuwarsa ta ƙare a haɗa ruwan da ake yi wa mutum allurarsa don jijiyoyi su fito a hoto. Ya taɓa yi mini bayani: a ɗaure aidin, irin na wanke ciwo, cikin wani sinadari don kada ya cutar da jiki, a dafa, a tace, a busar, a sake tacewa. Na ce ba ka gajiya? Ya ce, "Indo, jikin uwar wani zai shiga."

Ganinmu na ƙarshe wajen suna ne a Dutsin-Ma. Ya ce, "Hajiya Indo, har yau kina yi wa duniya faɗa?" Na ce sai ta gyaru. Ya yi dariya har da tari.

To ga faɗan yau. 'Yarsa Binta tana hanya daga Legas, an ce mata jikin Baba ne ya tashi. Kada ta buɗe waya a tasha ta ga mahaifinta haka. Duk wanda ya tura, ya bi ya goge. Yanzu, ba anjima ba.

Allah Ya karɓi shahadarsa, Ya haskaka kabarinsa, Ya isar masa. Allah Ya sa Binta ta ji daga bakin mahaifiyarta.

Wanda ya goge, ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a.