Boniface Mai Kallon Farkon Fim

Boniface ya sauka Kano daga jirgin ƙasa a farkon shekarun 1950, yana saurayi, ya sami aiki a wani gidan silima marar rufi tsakanin Fagge da Sabon Gari. Shi ke yaga tikiti a bakin ƙofa. In an fara fim sai ya ɗan dakata saboda masu zuwa a makare, sannan ya ja ƙofa ya fita gadin kekunan 'yan kallo. Don haka duk shekarun da ya yi a wurin, farkon fim kaɗai yake gani.

A ganinsa kuwa farkon ya wadatar, balle fina-finan ban dariya na 'yan makarantar Amurka. Da an nuno saurayi mai faɗin ƙirji, kiɗa ya tashi, kyamara na biye da shi, to shi ne gwani. Yarinyar da ta juyo a hankali, kiɗan ya yi taushi, ita ce tasa. Can sai wani siriri mai tabarau ya yi tuntuɓe, littattafansa su watse, a doka ganga, 'yan kallo su kwashe da dariya. Daidai nan Boniface ke jan ƙofa. Shi ma siriri ne, ga tabarau, kuma bawan Allah ya ɗauki abin da gaske.

A waje, dab da kekunan, wata budurwa mai suna Obiageli ke suyar ƙosai. Kullum sai ta ware masa masu zafi. Yana sonta kamar ransa, amma akwai Sylvester, akawun reluwe mai faɗin ƙirji da sabon keke, wanda kan tsaya ya ja ta da raha. Boniface ya duba ya ce ai wannan fim ɗin ya san shi. Ya ja bakinsa ya tsuke, ya koma ɗakinsa yana cin ƙosai shi kaɗai.

Ran nan da yamma Obiageli ta zo babu kasko.

“Gobe zan koma gida,” ta ce. “Wani ya nemi aurena, na amsa.”

“Sylvester?”

“Wane Sylvester? Mutumin da matarsa ke Zariya? Kai nake jira ka buɗe baki, har na gaji.”

Ya bi ta da kallo har ta sha kwana.

Bayan ta tafi kaɗaici ya ishe shi, wajen kekunan ya zama ba ya zaunuwa. Sai ya roƙi abokin aikinsa Celestine ya tsare masa su, ya shiga ya zauna a bencin baya, ya kalli fim har ƙarshe karo na farko. Mai faɗin ƙirjin nan ya faɗa kwata. Yarinyar ta riƙe hannun mai tabarau, kiɗa mai taushi ya tashi dominsa, 'yan kallo na ta tafi da fito.

Kowa ya watse yana nan zaune, har Celestine ya shigo nemansa.

“Wai haka suke ƙarewa?” Boniface ya tambaye shi.

“Kullum mana,” in ji Celestine. “Kai ba ka sani ba?”