Ledar da aka rataye min a get

Shekarun baya, lokacin ina direba a wani gida a unguwar Abhur, can ƙasa mai tsarki, Babbar Sallah ta riske ni daga ni sai kare. Kafilina, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, ya kwashi iyalinsa sun yi tafiya, ya bar min makullai da wani jibgegen kare irin wanda ake kira pitbul, kansa kamar turmi. Da zai shiga mota ya ce, "Amana ce a hannunka. In wani abu ya same shi, halas, taka ta ƙare." Ban nemi ƙarin bayani ba, zamana a ƙasar a hannunsa yake.

Ni da a garinmu ko kusa da kare ba na zuwa, ga ni ina auna masa abinci safe da yamma. Ko mahaifiyata ban gaya wa ba. In ta jiyo haushi a waya, sai in ce na maƙwabta ne.

Jajibirin Sallah wani saƙo ya fara yawo a wayoyinmu, wai akwai masu bin gidaje daren Sallah suna jefa nama mai guba duk inda ake da irin wannan kare. Har da hoton wani kare a miƙe, ba wanda ya san inda aka ɗauke shi. Abokina da ke unguwar Nuzla ya kira ya ce in zo mu ci tuwo, na ce ba hali. Ya bushe da dariya. "Kai, Allah ya kyauta! Ka baro gida takanas ka zo ƙasa mai tsarki gadin kare." Na taya shi dariyar, amma maganar ta tsaya min a rai.

Ranar Sallah bayan magariba na fito zagayen katanga da fitilar waya, ina leƙa gindin kowace shuka. Ina zuwa get sai ga baƙar leda a rataye, da ɗuminta, tana ƙamshin soyayyen nama. Karen ya hau tsalle. Na ce shi ke nan, sun zo. Da ƙyar na ja shi ɗaki na kulle, na ɗauko sanda na zaro ledar, na kai ta can kwandon shara na bakin titi. Na dawo har da ɗaga kafaɗa, wai ni jarumi.

Can yaran unguwa suka fara wasan wuta. Wannan ƙaton da kowa ke tsoro ya shige ƙarƙashin gado, jikinsa na ɓari. Na rufe tagogi, na zauna a ƙasa da burodi da kifin gwangwani, abincin Sallata ke nan. Ya rarrafo ya ɗora kansa a ƙafata, ban janye ba. Wallahi ban taɓa jin kewar gida irin ta ranar ba.

Washegari na fito, sai ga dattijon da ke gadin gidan da ke jikin namu. Ɗaga hannu kawai ke haɗa mu, na ɗauka Larabci kaɗai yake ji. Ashe Bahaushen Sudan ne.

Ya ce, "Ya waladi, ɗana, barka da Sallah. Ka ga saƙona? Na yi ta sallama, karen nan naka ya hana ni sakat, sai na rataye. Rabon maƙwabci ne na layya. Hajiyata ce ta soya, ta zuba yaji sosai, ta ce ɗan Najeriya ne."

Na ce, "Baba, ya aka yi ka san ni Bahaushe ne?"

"Ina jiyo ka ta katanga kana waya da mahaifiyarka. Na ce yaron nan ba shi da kowa a nan."

Na dai daure na gaya masa inda naman ya kwana da dalili. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce a hankali, "Guba? A naman layya?"

Karen ya yi Sallarsa lafiya lau, kuma ban ji an sa wa ko ɗaya guba a unguwar ba. Abin da ya firgita shi ƙarar wasan wuta ce, wadda babu saƙon da ya ambata. Yanzu in na ga irin wannan saƙo, sai na tambayi wanda ya gani da idonsa kafin in tura.

Amma abin da har yau yake min ciwo daban ne. Na tashi a garinmu ina ɗaukar kwanon nama gida-gida duk Sallah, ina kai wa mutane rabonsu. Ranar da na fi kowa buƙata aka kawo min nawa har ƙofa, ban gane shi ba.