Ranar da Na Fita Daga Shari'ar da Na Shigar

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu da gangan, wasu kuwa shekaru ne suka karɓe ba tare da sun nemi izinina ba. Na manta sunayen rabin yaran da na koyar, na manta dogayen jimlolin Faransanci da na tilasta musu haddacewa. Amma shari'ar karayar Goggo ba za ta fita daga kaina ba har ranar da za a ɗauke ni a makara.

Goggo yayar mahaifina ce, ita ta raine ni a Garwa, kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina ƙarami "yaron nan" take ce mini, da na fara koyarwa sai aka ƙara mini girma na koma "Malam". A shekarun nan da aka zaftare albashin ma'aikata aka mayar da ni Maruwa, lokacin ƙafafunta sun fara ƙin ɗaukarta. Na ce ta bi ni, ta ce ba za ta bar garin da kabarin mijinta yake ba. Dangin mijin nata, mahauta ne a babbar kasuwa, suka ce ta dawo wajensu, ta ce ba ta zama a gidan da za a riƙa yi mata sannu sau goma a wuni. Ita da kanta ta zaɓi wani gidan tsofaffi da wata ƙungiya ta buɗe a unguwar Pumpumre, nan cikin Garwa. Mutanenmu sun yi ta surutu, wai ɗan boko ya kai uwarsa ajiya. Na jure, tunda dai rabin maganar gaskiya ce.

Gidan ba shi da laifi a farko. Tsofaffi mata goma sha wani abu ne, da darakta, wani tsohon ma'aikacin gwamnati mai son kwat, da mai gadi, da wata mata 'yar Pitowa, wani gari kusa da Garwa, mai kula da su, wadda ita ce mai wanka, mai shara, mai wanki, wani lokacin har da girki. A makewayinsu akwai siminti mai kaushi, da dutsen zama, da wata igiya mai kauri da aka ɗaure a jikin azara, wadda tsofaffin suke kamawa idan za su tsuguna ko za su miƙe. Igiyar ta yi baƙi don riƙo. Ba ta da kyan gani, kuma a nan ne matsalar ta fara. Da aka ce wasu baƙi masu ba da taimako za su zo dubawa, darakta ya sa aka shimfiɗa tayil fari mai sheƙi, wanda mu nan muke kira karo, aka fitar da dutsen, aka yanke igiyar. Ni da kaina ya zagaya da ni ya nuna mini, ni kuma na yaba. Har na ce masa wannan shi ne ci gaba. Ina son a rubuta wannan a cikin laifuffukana.

Wata Asabar na zo daga Maruwa na tarar da Goggo kwance, ta rufa da zane har wuya, a cikin zafin Garwa da ke sa ƙadangare neman inuwa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Goggo, ya jiki?"

"Lafiya lau, Malam. Ya hanya? Ya yaran makaranta, suna ji?"

"Ba ki tashi ba yau?"

"Hutawa nake. Ko an hana?"

Na yi dariya, na ajiye mata goro da sabulu, na ba ta labarin Maruwa na rabin sa'a, na tafi. Mutumin da ya share shekaru yana koya wa yara su karanta abin da ke ƙarƙashin jimla, ya karɓi "lafiya lau" ɗin tsohuwa kamar takardar likita. A lokacin kwananta biyu da karaya.

Wanda ya gano shi ne ƙanin mijinta, wani tsohon mahauci da nake kira Baba, wanda bai taɓa shiga aji ba. Ran Talata ya kai mata ƙashin romo kamar yadda ya saba, suna ta wasansu na mata da ƙanin miji, yana ce mata har yanzu tayinsa na aure yana nan. Sai idonsa ya sauka a ƙafarta da ta leƙo daga zane. Tafin ya kwanta waje, kuma ƙafar ta fi 'yar'uwarta gajarta. Bai tambayi kowa ba, ya fita ya tsayar da mota. Da na iso asibiti washegari ya tare ni a baranda.

"Malam, shekara arba'in ina raba gaɓa da gaɓa. Wannan kwatangwalo ne ya tafi, kuma ba jiya ba. Kai da ka zo Asabar, me ka duba? Sabulu?"

Hoton ƙashi ya tabbatar da maganarsa, likita ya rubuta sartifika, wato takardar shaidar rauni. Ni kuwa kunya ta juye mini zuwa fushi, wanda shi ne hanya mafi sauƙi. Na zauna na rubuta ƙara zuwa ga mai gabatar da ƙara na gwamnati, shafi huɗu, da Faransancin da ko sufeton makarantu ba zai sami inda zai ja jan layi ba. Na kawo ayar doka a kan raunin da sakaci ya jawo, na nemi a hukunta duk mai hannu. Na ji daɗin takardar nan ƙwarai.

Abin da ban lissafa ba shi ne, doka tana neman wuyan da za ta kama, kuma ta fi saurin samun wanda ba shi da kwala. Darakta ya gaya wa 'yan sanda cewa tsohuwa daga gado ta faɗo, don mai kula da su ta bar ta ita kaɗai alhali tana bakin aiki, kuma ita ce ta ɓoye maganar tana shafa mata man zafi. Ya kawo jadawalin aiki da sunanta a ranar. Mai gadi ya ce haka ne. Sauran tsofaffin suka ce ba su ga komai ba, kuma ban ga laifinsu ba, don ba su da wani wajen kwana. Matar ta rantse cewa a ranar darakta ya aike ta kasuwa sayo kayan girkin baƙi, ta dawo ta tarar da Goggo a gado, aka ce mata gajiya ce, kada ta tayar da hankalin dangi. Babu wanda ya saurare ta, har ni. Na ce ai duk wanda aka kama haka yake faɗa. Aka kore ta daga aiki, aka gurfanar da ita, darakta kuma ya zo kotu a matsayin shaida, da kwat ɗinsa. Idan aka same ta da laifi, gidan yari ne, ga 'ya'ya uku a Pitowa.

Goggo kaɗai ce za ta iya faɗin gaskiyar inda ta faɗi, kuma ta ƙi faɗa. Na tambaye ta a asibiti ya fi sau biyar. Kullum amsar ɗaya ce: "Abin da Allah ya kawo ne, Malam. Ka bar maganar nan." Na ɗauka tsoro ne, ko kuwa irin yafiyar tsofaffi. Sai na yanke shawarar ƙarfafa mata gwiwa. Na bi kasuwa rumfa rumfa na gayyaci mahauta, da dillalan shanu abokan mijinta, da limamin unguwarmu, na ce su zo kotu Goggo ta ga tana da mutane.

Suka zo kuwa. Ranar shari'a benci huɗu suka cika da manyan riguna, har ɗan sandan ƙofa yana tambaya ko wani babban mutum ake yi wa shari'a. Aka shigo da Goggo a kan kujera, ni ina gaba rungume da dosiye, wato takardun ƙarar. Alƙaliyar mace ce 'yar kudu, ba ta jin Hausa, ba ta jin Fillanci, sai ta bakin tafinta. Bayan darakta ya gama jawabinsa, ta juyo wajen tafinta tana nuna Goggo.

"Tambaye ta, a ina ta faɗi?"

Goggo ta dubi ƙasa. "A inda Allah ya nufa."

"Kotu ba ta musun wannan. A wane ɗaki?"

"A gidan dai."

"Daga kan gado ne?"

Shiru. Aka sake tambaya, shiru. Lauyan gidan ya miƙe da murmushi ya ce kotu ta gani da idonta, tsufa ya ruɗa baiwar Allah, ba ta ma san inda take ba, saboda haka a yi aiki da maganar masu hankali. Tafinta ya juya wannan zuwa Fillanci, na ga yatsun Goggo sun damƙe hannun kujera. Ta ɗaga kai ta dubi matar Pitowa da ke tsaye a wajen masu laifi tana kuka ba sauti, sannan ta dubi bencinmu, ta sake sunkuyawa. Ni kuwa ina ta yi mata alama da kai, wai ta yi magana, kamar ɗalibar da ta manta hadda.

Sai na ji an ja hannun rigata. Baba ne.

"Tashi mu fita."

"Baba, ni ne fa na shigar da ƙarar."

"Na sani, duk Garwa ta sani. Ka tara mata liman da abokan mijinta da ɗan da ta goya, kana jira ta faɗi inda mace take faɗuwa? Kai karatun nan naka, ba a koyar da kunya a ciki? Tashi!"

A nan ne abin ya faɗo mini gaba ɗaya: farin karo, da ruwa, da wurin da igiya take a da. Na miƙe na roƙi kotu, da wani Faransanci mai tuntuɓe wanda bai yi kama da na takardata ba, cewa a ba dangin Goggo maza izinin fita. Alƙaliyar ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi Goggo. Sannan ta ba da umarni a fitar da kowa sai wanda doka ta ce dole ya zauna, ta kuma sallami tafinta, ta sa aka rantsar da wata magatakarda mai jin Fillanci a madadinsa. Benci huɗu na manyan riguna suka fito a jere, ni a ƙarshe da dosiyena.

Muka zauna ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya a harabar kotu. Wani dillali ya ce shi dai bai gane ba, an gayyato shi ne ya shiga ko ya fita? Baba ya ce masa ya yi haƙuri, Malam ne ya shirya taron. Kusan sa'a guda muka yi. Da aka fito da Goggo, fuskarta a rufe take da mayafi. Ta ce da masu ɗauke da ita su tsaya a daidai inda nake, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, a ba 'yar nan kuɗin mota ta koma wajen 'ya'yanta."

Abin da ta faɗa a ciki ban ji ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Abin da na sani shi ne layuka kaɗan da ke cikin takardar hukunci: cewa ta zame ne a makewayi a kan jiƙaƙƙen karo lokacin alwalar azahar, cewa an cire abin riƙo bisa umarnin darakta, cewa wadda ake tuhuma ba ta gidan, kuma darakta da mai gadi ne suka ɗauke ta suka mayar gado. Wannan layin na ƙarshe na karanta shi sau ɗaya, na gane a wane hali maza biyu suka same ta, na gane kuma dalilin zanen da ta ja har wuya. Aka sallami matar Pitowa. Daga baya aka gurfanar da darakta, aka same shi da laifin sakaci, aka yi masa ɗaurin jeka ka gyara halinka, ƙungiyar kuma ta sauke shi. Wasu sun ce hukuncin ya yi sauƙi. Ni kuwa na san akwai wani mai sakaci da ya zo ran Asabar, wanda babu ayar dokar da ta ambace shi.

Goggo ba ta sake takawa ba. Na nemi a dawo da ni Garwa, na ɗauko ta zuwa gidana, wannan karon ba ta yi gardama ba. Ta yi shekara ɗaya da 'yan watanni kafin ta rasu, kuma matar Pitowa ce ta yi jinyarta har ƙarshe, don Goggo ta ce ba ta yarda da hannun kowa ba sai nata.

Abin da na koya ba shi da tsawo. Tsoho ba ya kai ƙarar ciwonsa, musamman ga wanda ya raina, saboda haka kada ka tambaye shi ya jiki ka tafi da amsar. Ka duba yadda ya kwanta, ka duba abin da yake kamawa idan zai tashi, idan kuma wurin ba na idonka ba ne, ka aiko wadda za ta iya dubawa. Kotu tana iya hukunta mai sakaci, na gani da idona, amma sai gaskiya ta sami bakin fita, kuma wani lokacin mai neman gaskiyar ne yake zaune a kan hanyarta. Ni sai da mahauci ya ja ni waje kafin uwata ta iya ceton matar da takardata ta kusa ɗaurewa.