Ruwan da Bube Ya Gani

Daga Yashe har Rimaye, in ka jefa guga a tsohuwar rijiya, da wuya a ce ba Dabo ne ya haƙa ta ba, ko kuma ubansa. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana shiga ƙasa da diga da dagi, ana zuro masa guga yana cikawa ana ja, har sai da masu burtsatse suka zo da motocinsu, gwiwoyinsa kuma suka ce sun gaji. Yanzu gero da gyaɗa yake nomawa a bayan gida. In rijiyar wani ta ƙafe, akan zo a ɗauke shi a babur ya je ya leƙa, ya faɗi abin da ke damunta.

Komai na duniya da gaba Dabo yake auna shi, wato tsawon hannu biyu in an ware su. Masallacin ƙauyensu gaba tara ne, babbar motar ɗaukar kaya gaba shida, surukinsa na fari gaba guda babu kaɗan. Ruwa kuwa, a wajensa abu ne mai ɓuya. Sai ka wuce jar ƙasa, ka fasa marmara, ka yi makonni ba ka ga rana sosai ba, sannan ka taɓa yashi mai damshi ka yi kabbara. Wannan ya sani, ya kuma san shi ƙwarai. Matsalar Dabo ita ce, abin da ya sani ya toshe masa kunne, ba ya yarda wani ya faɗa masa wani abu game da ruwa.

Bube sa'ansa ne, Bafulatani, rugarsu na yamma da ƙauyen. Tare suka yi ƙuruciya, tare aka yi musu dukan satar mangwaro. Da suka zama samari Dabo ya nufi ƙarƙashin ƙasa, Bube ya bi shanu kudu. Duk sanda ya dawo yakan zauna gindin durumin ƙofar masallaci ya ba da labarin wani gari, Mararrabar Tsauni, inda hanyoyi huɗu suka haɗu a tsakanin duwatsu. Ya ce kusa da garin akwai inda ruwa ke zubowa daga kan dutsen da ya fi rimi tsawo, ba da damina ba, a tsakiyar bazara, dare da rana. Ya ce akwai kogon da suka taɓa fakewa a ciki da garke uku, wuri bai cika ba. Mutane sukan yi dariya, ta Dabo ta fi ta kowa ƙarfi.

Da abin ya tsaya a dariyar gindin durumi da babu komai. Amma shekara talatin da biyu da suka wuce aka yi rikicin burtali. Wani manomi ya ci hanyar da shanu ke bi su je tafki, Fulani suka kai ƙara, mai unguwa na lokacin ya tara dattawa. Bube ya miƙe ya ba da shaida, ya faɗi inda iyaka take tun zamanin kakanni, daga aduwa zuwa tsohon suri. Dabo ba shi da gona a wurin, ba shi da saniya, kallo kawai ya zo. Sai bakinsa ya yi masa ƙaiƙayi.

"Ranka shi daɗe," ya ce, "wanga shi ne hwa mutumin da ya ga ruwa na zubowa daga bisa dutse da bazara. In an biye mishi, gobe sai ya ce burtalin ta tsakar gidanka ya bi."

Wuri ya kece da dariya, har mai unguwa sai da ya rufe baki da hannun riga. Daga nan ba wanda ya sake tambayar Bube komai. Burtalin ya zama gona, shanu suka koma zagaye mai nisa. Bube bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, ya ɗauki sandarsa ya tafi. Gaisuwa ba ta yanke ba tsakaninsu, in an yi rasuwa ko haihuwa kowa na zuwa wa ɗan'uwansa, amma Bube bai ƙara zama gindin durumi ba. A ƙauyen kuma, duk wanda ya shirga ƙarya sai a ce masa, "Wannan labarin Bube ne." Yaran da ba su taɓa jin asalin maganar ba ma haka suke cewa.

Gaskiyar magana, Dabo ya daɗe da fara zargin kansa. Direbobi a tashar Kankia sun sha faɗin irin wannan ruwa a gabansa. Jikokinsa sun nuna masa a waya, ya kawar da kai ya ce a waya ai har akuya magana take yi. Ya san dai akwai abin da ya kamata ya bincika, sai ya bar shi kwance, tunda ba wanda ya tayar.

Lailatu ce ta tayar, ba tare da ta sani ba. Ita ce autarsa, mijinta Sagir yana sayen citta a kudu yana kawowa arewa, har harka ta zaunar da su can. Da ta yi haihuwa ta uku ta kira a waya ta faɗi sunan garin da suka koma, don 'yan suna su san motar da za su hau. Mararrabar Tsauni. Dabo ya sa ta maimaita. Washegari ya ce da shi za a tafi, mata suka bi shi da kallo, don mutumin da bai taɓa wuce Funtuwa ba, ba sunan jika ne zai fitar da shi ba.

Suka hau mota a Yashe da sassafe. Zafin bazara ya kai inda ya kai, gonaki fari fat, awaki na bin inuwar katanga. Bayan Kaduna ƙasa ta fara canzawa. Itatuwa suka yi duhu, duwatsu suka fara tasowa, hanya ta shiga lanƙwasa. Dabo ya riƙe kujerar gabansa da hannu biyu har suka isa da la'asar.

Garin ba babba ba ne. Kasuwa ce a tsakiya, manyan motoci na tsaye ana loda doya da buhunan citta, ga masallaci, ga coci, ga mai shayi ɗan Musawa da ya gane Katsinanci a bakin Dabo ya ƙi karɓar komai. Duk inda ka juya dutse ne a tsaye a kanka. Aka yi suna, aka ci, aka sha. Kwana biyu Dabo na ta kewaye-kewaye da magana, a na uku ya kira surukinsa gefe.

"Sagir, an ce akwai wani ɗan ruwa nan kusa."

"Magangara kake nufi, Baba? Ai ba nisa. Gobe sai in kai ka."

"Ba wai na damu ba ne. Ƙahwa nike son in miƙe."

Lailatu da ke shayar da jariri ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ta san labarin Bube, kamar kowa.

Suka tafi a babur da hantsi. Hanya ta bi ta ƙananan ƙauyuka da suka maƙale a jikin dutse, gonakinsu hawa-hawa an tare su da jerin duwatsu, mata na shanya citta a kan falalen dutse. A ƙauye na biyu suka tsaya shan ruwa. Wata tsohuwa ta kawo a kwano, mai sanyi har haƙori. Dabo ya kurɓa, ya juya shi a baki yadda ya saba, ya tambaye ta gaba nawa ce rijiyarsu. Ba ta gane ba sai da Sagir ya yi mata bayani. Ta yi dariya ta ce su ba su da rijiya, tun da aka kafa ƙauyen ba a taɓa haƙawa ba, ga rafi nan bayan gida. Dabo ya miƙa mata kwanonta ya yi godiya.

Suka ajiye babur suka gangara da ƙafa. Tun daga nesa ya ji wani ruri, ya ɗauka injin niƙa ne. Iska ta yi sanyi, ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin takalminsa. Suka zagaya wani ƙaton dutse, sai ga shi.

Dabo ya tsaya. Ruwa ne fari, yana faɗowa daga can sama, yana dukan duwatsu yana tashi kamar hayaƙi, feshinsa na jiƙa masa gemu. Idonsa ya yi aikin da ya saba ba tare da an sa shi ba: gaba goma sha takwas, ko da tara. Daidai zurfin rijiyar da ya haƙa a Sukuntuni, wadda ta ci masa wata huɗu da yatsa ɗaya na ƙafa. Abin da ke wucewa a nan kafin mutum ya gama alwala zai ishi ƙauyensu mako guda, da mutane da dabbobi. Da farko haushi ya ji, irin na mai sana'a da ya ga ana wasa da abin da ya ƙare rayuwarsa yana nema. Sannan kunya ta zo, ta zauna masa a ƙirji. Ya daɗe zaune a kan dutse, Sagir ya koma gefe ya ba shi wuri. Da azahar ta yi ya yi alwala da ruwan, suka yi salla a nan.

"Akwai kogo?" ya tambaya bayan sun sallame.

Akwai, tafiyar rabin awa ta bayan dutsen. Wani dattijo mai saran itace ya nuna musu bakinsa, ya ce da can Fulani na shiga da shanunsu in hadari ya taso. Dabo bai yarda da ido kaɗai ba a wannan karon. Ya jingina ƙirji da bango, ya ware hannuwa, ya bi kogon gaba bayan gaba, jemagu na shawagi a kansa, Sagir na haska masa da waya. Rufin ya yi baƙi da tsohon hayaƙi, ƙasan kuma busasshen kashin shanu ne da ya zama gari. Da ya gama ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Garke ukku. Har da wurin maruƙa."

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan dawowarsa, da aka idar da salla, Dabo ya miƙe gindin durumi ya ce jama'a su dakata. Ya faɗi abin da ya gani, da tsawonsa da faɗinsa. Ya ce Bube bai taɓa yin ƙarya ba, shi Dabo shi ne ya ɓata masa shaida a gaban mai unguwa, kuma daga yau duk wanda ya sake cewa "labarin Bube" ya san alhakin wa yake ɗauka. Samari suka dubi juna, don yawancinsu ba a haife su ba lokacin da aka yi abin, kuma sun sha ganin ruwan a waya. Tsofaffi biyu ne kawai suka gyaɗa kai. Bube ba ya wurin, ciwon ƙafa ya hana shi fitowa tun bara.

Dabo ya bi ta gefen gonaki ya isa rugar. Ya tarar da Bube zaune a kan tabarma a inuwar bukka yana tufka igiya. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, shanu, iyali, zafi, hanya. Sannan Dabo ya cire takalmi ya zauna a ƙasa, ba kan tabarmar ba.

"Bube, na je. Na gani. Yanzu daga masallaci nike, na hwaɗa ma jama'a."

Bube bai daina tufka ba. "Ruwan shina nan dai bai ƙahe ba?"

"Shina nan. Ka ma rage mishi tsawo."

Bube ya yi 'yar dariya. "Su wa suka ji?"

Dabo ya lissafa. Da ya zo ƙarshe shi kansa ya ji yadda sunayen suka yi kaɗan.

"To, madalla," in ji Bube. "Ni kam abin bai ci mini rai ba yadda kake zato. Abin da na gani na gani. Nagoggo ce abin ya dama."

Nagoggo matarsa ce, ta rasu shekara biyu da suka wuce. Dabo ya je jana'izarta.

"Tare muke da ita can, tana amarya. A ruwan nan take wanke ƙorai. Da muka dawo, in ta shiga gidaje tallan nono, mata sai su ce, 'Nagoggo, ba mu labarin ruwan mijinki.' Ta daina hwaɗin ta taɓa zuwa kudu. Ko 'ya'yanta ba ta ba su labarin ba." Bube ya ɗaure bakin igiyar ya ajiye. "Takan ce mini, wata rana Dabo zai je da ƙahwarshi, shi ba ya yarda sai ya auna."

Dabo ya tuna shekara talatin tana shiga gidansa da ƙwarya a ka, tana durƙusawa ta gaishe shi, tana ƙara wa 'ya'yansa ludayi ɗaya kyauta. Ko sau ɗaya ba ta taɓa canza masa fuska ba.

"Ka yahe mini," ya ce da ƙyar.

"Ni na yahe tun tuni. Ita ma na san ta yahe." Bube ya matsa gefe ya buga tabarmar da tafin hannu. "Hawo nan ka zamna. Da dai ka je da wuri, Dabo. Da ta ji."