Muna Jin Gwaggo, Ita Ba Ta Jin Mu

Gidanmu yana gangaren Rafin Guza, inda sabis ɗin waya yake zuwa ƙofar gida ya yi sallama ya juya. Duk mai son a ji shi sai ya fita bakin titi ya tsaya kusa da mai walda yana ɗaga murya. Shi ya sa na sayi rauta, ɗan farin akwatin nan da ke raba intanet ga wayoyin gida, na sa aka kafa mata eriya a saman kwano. Tun daga ranar Baba ya raɗa mini Injiniya, alhali ni malamar makaranta ce, iyakar sanina kunnawa da kashewa.

Shekarar da Baba ya samu kujerar Makka, ya yi abin da maniyyata ke yi kafin tafiya, wato zagayen neman yafiya. Ya bi maƙwabta gida-gida. Ya je Doka wajen tsoffin abokan aikinsa. Har mahaucin da suka taɓa cacar baki a kan ƙashi sai da ya same shi. Mutum ɗaya ta rage, kuma ita ce mai wuyar: Gwaggo, yayarsa, wadda ta goya shi, aure ya kai ta Kumasi tun ban zo duniya ba. Lokacin da mijinta ya rasu Baba bai je ta'aziyya ba. Ya ce aiki ya riƙe shi, ya aika saƙo ta bakin wani direba. Gwaggo ta mayar da amsa cewa a gaya masa ita ba ta da ƙane. Shekaru suka shuɗe, ko ya kira ba ta ɗauka.

'Yarta ce, wadda muke zumunci da ita ta waya, ta yi ta lallashinta har ta sauko, amma da sharaɗi. Ta ce ba za ta saurari murya daga duhu ba, sai dai kiran bidiyo, ta ga idonsa yana magana. Ga shi an fara jigilar maniyyata, kowane lokaci ana iya kiran su Baba zuwa sansanin alhazai da ke Mando. Ya ce da ni, "Injiniya, in na hau jirgin nan Yaya ba ta yafe mani ba, ban san mi zan je in faɗa ma Ubangiji ba."

Da safen ranar da aka sa za a yi kiran bidiyon, saƙo ya fito a wayata cewa akwai sabuwar manhajar rauta, a sabunta don ƙarin inganci. Inganci nake nema, sai na danna. Fitilunta suka yi ta ƙyafta ido, ta mutu, ta farfaɗo. Na kunna bidiyon masu girki don gwaji, ya taho a guje ba tangarɗa. Har yaba wa kaina na yi.

Bayan la'asar Baba ya sa farar babbar riga, ya gyara hula, ya zauna a kan darduma na jingina masa wayar. Sai ga Gwaggo tar, har zanen gyalenta ana gani, muna jin mai tallar burodi a bayan gidansu. Baba ya yi gyaran murya ya fara. Ban taɓa jin ya yi magana irin wannan ba. Ya faro daga yadda take ɗaukar sa zuwa rijiya, ya gangaro har ranar da ya ƙi zuwa, bai ɓoye komai ba. Ni har na fara share ido.

Sai muka ji Gwaggo ta ce da 'yarta, "Wai kira ya yi ya zuba mani ido?"

'Yarta ta matso da fuska ta ce tun da aka fara hotonsa ya daskare, baki a karkace kamar mai harara, murya kuwa sai gutsure-gutsure. Na yi ta ihun cewa yana magana, wallahi yana magana, amma ihun nawa ma bai isa can ba. Gwaggo ta ce in ba shi da abin faɗa ita tana da abin yi, ta tashi. Muna kallo ta kaɗe zaninta ta fita.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kashe rauta na kunna. Na cire layin da ke cikinta na goge shi da gefen mayafi na mayar. Na ɗauke ta daga kan firij na kai ta taga, na dawo da ita, na ɗora ta kan buhun shinkafa, kamar canjin wurin zama ne matsalarta. Na bi wayoyin gidan na cire su ɗaya bayan ɗaya, har matar yayana ta yi fushi don na katse mata fim. Da na gwada saurin intanet ɗin da manhajar awo, sai na ga abin da ke faruwa ƙuru-ƙuru: abin da ke shigo mana yana gudu, abin da ke fita daga wajenmu yana rarrafe. Duniya tana iya yi mana magana, mu ne aka toshe wa baki.

Na ce da Baba mu je makarantarmu, akwai intanet mai kyau a ofishin shugaba. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce shi da furfurarsa ba zai je ofishin mutane ya zauna yana hawaye masinja na leƙe ba. Na ce to bakin titi. Ya ce, "Gaban mai walda?" Na ce to in ɗauke shi a bidiyo in je can in tura. Ya ce neman gafara ba waƙar kaset ba ce, kuma Yaya ta ce ido da ido. Gaskiyarsa ce, amma a lokacin ji na yi kamar in fasa kuka. Taurin kai a gidanmu gado ne, ni ma ban tsira ba.

Washegari na kira kamfanin. Wata mai sanyin murya ta tambaye ni ko na kashe na kunna. Na ce na yi har yatsana ya gaji. Ta ce a wajensu komai lafiya lau. Na ce to lafiyar ta tsaya a wajenku, ba ta iso nan ba. Na roƙe ta su mayar mini da tsohuwar manhajar, ta ce ba a komawa baya, amma in soka tsinke a ɗan ramin da ke bayan rautar, za ta koma yadda ta fito. Na karyo tsinken tsintsiya na soka. Komai ya goge, na sha wahalar sake haɗa wayoyi, na kuma tabbata cewa an gama.

Muka sake kira. Baba ya sake sa rigar, ya sake faɗin maganarsa tun daga rijiya, wannan karon ma ta fi ta jiya tsari. Gwaggo ta zauna tana kallon hoton da ba ya motsi. Ta ɗan jima, sannan ta ce a hankali, ba da mu take ba, "Ya tsufa." Daga nan ta ce a kashe. 'Yarta ta rubuto mini cewa Gwaggo ta fara zargin da gangan yake yi, kuma sau ɗaya ya rage ta yarda ta zauna.

Kwanakin nan ban zauna wuri ɗaya ba. Ina cikin aji hankalina yana kan firij. Duk ƙarar waya sai in ce kiran Mando ne. Baba ya daina tsokanata, ya daina ce mini Injiniya, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce faɗa ya yi. Yakan zauna gaban jakarsa ya kwance ya sake ɗaurewa.

Kiran ya zo wata safiya, aka ce su hallara sansani kafin azahar. Gida ya cika da 'yan rakiya, yayana ya tafi nemo mota. Ni kuwa na shige ɗaki na buɗe shafin saitin rautar a waya, na ce yau ko ni ko ita. Na bi shafukan nan ɗaya-ɗaya, har waɗanda ban san ma'anarsu ba. Can ƙasa na tarar da wani sabon sashe da ban taɓa gani ba, wai na raba hanya tsakanin wayoyin gida don kada wata ta danne wata. Sabuwar manhajar ce ta zo da shi a kunne, ta kuma ƙayyade wa kowace waya ɗan mitsitsin abin da za ta iya turawa waje. Shi ya sa tsinken bai yi amfani ba, don ko an goge a kunne yake dawowa. Na kashe shi. Na sake awo, sai ga allurar awon ta miƙe.

Na fita na janyo Baba daga cikin masu yi masa addu'a, na rufe ƙofa. Ba babbar riga, ba darduma, a bakin gado ya zauna da kayan tafiyarsa. 'Yar Gwaggo ta ɗauka ta ce, "Yauwa, yanzu ina ganinku, har motsin labule." Ta miƙa wa uwarta.

Gwaggo ta dube shi. Shi ma ya dube ta. Na jira ya faro daga rijiya, amma ko uffan. Mutumin da ya zuba magana sau biyu tiryan-tiryan lokacin da ba a jin sa, yanzu da ake ji ya kasa buɗe baki. Waje ana ta danna hon.

Gwaggo ta ja tsaki ta ce da 'yarta, "Kin gani ko? Ya sake daskarewa."

Baba ya ce, "A'a Yaya, ya gyaru. Ni ne."

Gwaggo ta matso da fuskarta kusa da wayar. Sannan ta ce, "To ina jin ka, Auta."

Ban taɓa jin an kira shi haka ba. Ya sauko daga bakin gadon ya durƙusa a ƙasa, sai da na sunkuyar da wayar don ta gan shi. Duk jawabin da ya tsara bai taɓo ko ɗaya ba. Ya yi gaisuwar da ake yi a zauren makoki, wadda ya kamata ya kai mata da ƙafarsa tun shekarun baya.

"Yaya, ya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta."

Gwaggo ta ja gyalenta ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Da ta buɗe ta ce, "Amin. Ka makara ƙwarai, amma ka zo. Na yafe maka duniya da lahira. Tashi kada jirgi ya bar ka, in ka ga Ka'aba ka sa shi a addu'a."